Ciwon Sukari da Magungunan Itatuwa a Ma'aunin Shari'a da Ilimi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya fitar da tsirrai daga ƙasa, ya sanya abinci a cikin waɗansu, ya sanya magani a cikin waɗansu, sa'an nan ya ba ɗan Adam hankalin da zai rarrabe mai amfani da mai cutarwa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Manzanni, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata matsala ce da ta shiga gidaje da yawa. Da wuya a sami babbar kasuwa ko tashar mota a ƙasar Hausa da ba a jin mai lasifika yana tallar garin magani ko jiƙo a gora, yana rantsuwa cewa duk wanda ya sha ya rabu da ciwon sukari har abada, wani lokaci ma yana jingina maganarsa da hadisi. Mai ciwon kuwa tsadar maganin asibiti ta ishe shi, ya gaji da allura da ƙauracewa abinci, saboda haka kunnensa a buɗe yake ga duk wanda ya yi masa albishirin waraka. To, shin akwai maganin wannan ciwo a cikin itatuwa? In akwai, ya halatta mutum ya ajiye maganin likita ya koma gare su? Amsa a taƙaice ita ce lalle akwai amfani a cikin itatuwa, har ma babban maganin ciwon sukari na yau daga wata ciyawa aka samo asalinsa. Amma ganye ba ya zama magani sai an auna shi, an gwada shi, an san iyakarsa.

Mene ne ciwon sukari?

Tuwo da shinkafa da gurasa da sauran abinci masu gari, idan suka narke a ciki, sukari suke komawa su shiga jini. Akwai wata tsoka a bayan tumbi da likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da wani ruwa mai suna insulin, wanda ke buɗe wa sukari hanya ya bar jini ya shiga tsokoki ya zama ƙarfi. Idan insulin ya ƙare, ko ya yi kaɗan, ko jiki ya daina jin sa, sai sukari ya taru a jini. Daga nan ne ake samun yawan fitsari da ƙishirwa da rama da kasala. Idan aka daɗe a haka, sai ya lalata jijiyoyin ido da ƙoda da zuciya da ƙafafu, har ya kai ga makanta, ko shanyewar jiki, ko gyambon da ke sa a yanke ƙafa.

Ciwon iri biyu ne manya. Na farko ya fi kama yara da matasa, jikinsu yakan daina yin insulin gaba ɗaya, kuma ba su da wata makawa sai allurarsa. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, yaron da wannan ciwo ya kama da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Na biyu ya fi kama manya, musamman masu ƙiba da ƙarancin motsa jiki da masu gadonsa, kuma shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 manya miliyan 589 ne ke ɗauke da shi, watau mutum ɗaya cikin tara, kuma wajen huɗu cikin goma daga cikinsu ba su san suna da shi ba. Ana tabbatar da shi ne da gwajin jini: idan aka auna mutum da safe kafin ya ci kome aka sami 126 ko fiye, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, aka sāke aka sami haka, to, ciwon ya tabbata.

Neman magani a Shari'a

Musulunci ya yi umurni da neman magani. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisai masu nuna cewa kowace cuta akwai maganinta daga Allah, ruwayar Muslim kuma ta rataya samun waraka ga dacewar magani da cutar. A cikin wannan sharaɗi akwai babban darasi, domin dacewa tana bukatar a san cutar, a san maganin, a san gwargwadonsa. Haka kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa sa'ad da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya, Manzon Allah (S.A.W.) ya umurce shi ya je wurin Harisu ɗan Kalada, sanannen likitan ƙabilar Saƙif. Wannan ya nuna cewa komawa ga gwanin sana'a a fagensa sunna ce, kuma ba ta rage tawakkali da kome.

Hadisin habbatus sauda, wanda masu talla suka fi riƙewa, ingantacce ne, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Sai dai malamai sun yi bayaninsa tun da daɗewa. Ibn Hajar ya kawo a cikin Fat'hul Bari cewa Imam Khaɗɗabi ya fahimci lafazin a matsayin gamamme wanda ake nufin keɓantacce da shi. Ya kuma kawo bayanin Alƙali Abubakar ibnul Arabi, babban malamin Malikiyya, cewa zuma ma da Alƙur'ani ya yabe ta, akwai cututtukan da in mai su ya sha ta za ta cuce shi. Waɗansu malamai kuwa sun bar lafazin a kan gamewarsa, amma ko su ba su ce a ɗirka ta ba awo ba, ko a bar sauran magunguna saboda ita. Gaskata hadisi wajibi ne. Sanin yadda za a yi amfani da abin da ya ambata, da wa zai sha, da nawa zai sha, wannan kuma aikin masana ne.

Abin da likitocin Musulmi na dā suka gindaya

Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya siffanta ciwon sukari a cikin littafinsa Alƙanun fiɗ Ɗibb, ya ambaci ƙishirwa da zaƙin fitsari da ruɓewar gaɓa, ya kuma rubuta haɗin magani wanda hulba ke ciki. Amma abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne sharuɗɗa bakwai da ya kafa na gwada magani. Daga cikinsu akwai cewa maganin ya zama tsantsa, ba a gauraya shi da abin da zai canza halinsa ba. A gwada shi a kan cuta guda, kada a ruɗe da wata. Ƙarfinsa ya yi daidai da ƙarfin cutar, a fara da kaɗan. A lura da lokacin da ya fara aiki. Aikinsa ya maimaitu a kan mutane da yawa, domin abin da ya faru sau ɗaya yana iya zama katari. Sa'an nan a gwada shi a jikin mutum, don abin da ya yi wa zaki ko doki ba lalle ne ya yi wa ɗan Adam ba. Kafin shi ma, Abubakar Arrazi, likitan Bagadaza, ya taɓa raba marasa lafiya gida biyu, ya yi wa kashi ɗaya magani ya bar ɗayan, don ya ga bambanci da idonsa. Ashe ke nan neman hujja a kan magani gādon Musulmi ne tun kafin a gina ɗakunan bincike na zamani.

Darasi daga wata ciyawa ta Turai

A Turai akwai wata ciyawa dangin wake mai suna galega, wadda masu maganin gargajiyarsu suka daɗe suna ba masu yawan fitsari. Ciyawar tana da dafi, har takan kashe tumakin da suka ci ta da yawa. A 1918 aka gano cewa wani sinadari mai suna guwanidin, wanda irinsa ke cikinta, yana sauke sukarin jinin dabbobi, amma gubarsa ta hana a ba mutane. Masana suka yi ta sarrafa danginsa don su riƙe amfanin su rage dafin. A 1922 Emil Werner da James Bell suka harhaɗa metfomin a birnin Dublin, amma sai a 1957 wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya gwada shi a kan marasa lafiya ya buga sakamakon, aka sa masa suna Glucophage. Amurka ba ta amince da shi ba sai a ƙarshen 1994. A 1998 kuma wani bincike da aka shafe shekara 20 ana yi a Birtaniya ya nuna yana rage mace-mace a cikin masu ciwon da ke da ƙiba. Yau shi ne maganin da aka fi fara ba mai ciwon sukari iri na biyu a duniya.

Metfomin yana da ɗan'uwa mai suna fenfomin, tushensu ɗaya, shi ma yana sauke sukari sosai. Sai da aka yi shekaru ana sha kafin a tabbatar yana tara tsami a jini har ya yi kisa, aka janye shi a ƙasashe da yawa a ƙarshen shekarun 1970. Haka nan a 1835 aka ciro wani sinadari daga ɓawon saiwar itacen tuffa wanda ke sa ƙoda ta zubar da sukari ta fitsari, amma hanji ba ya karɓarsa da kyau, kuma yana sa gudawa. Sai a 2012 aka amince a Turai da maganin farko da aka gina a kansa. Mai karatu zai ga cewa masu gargajiya ba su yi ƙarya ba da suka ce akwai sirri a itatuwan nan, sai dai kafin sirrin ya zama abin da za a ba mara lafiya da kwanciyar hankali an ɗauki shekara arba'in a wani, fiye da shekara ɗari da saba'in a wani.

Itatuwan da aka saba da su

Jami'o'in Nijeriya da na sauran ƙasashe sun yi gwaje-gwaje masu yawa a kan shuwaka da zogale da garahuni da dogon yaro da maɗaci da marke da ɗanya da ganyen mangwaro. Yadda akan yi shi ne a busar da ganye ko sassaƙe, a jiƙa da ruwa ko sifirit a tatso ƙarfinsa, sa'an nan a yi wa ɓeraye allurar da ke lalata musu tsokar insulin, a ba su abin da aka tatso, a riƙa auna jininsu. Sau da yawa sukarin yakan sauka. Wannan mataki ne na farko mai kyau, kuma masu yin sa sun cancanci yabo da tallafi, amma sharaɗin Ibn Sina na ƙarshe yana nan: ɓera ba mutum ba ne. Ga abin da aka samu a inda aka gwada a kan mutane.

Habbatus sauda. A 2015 masu bincike a Jami'ar Dammam ta Saudiyya suka buga gwajin da suka yi a kan mutum 114 na tsawon shekara guda. Rabinsu sun sha giram 2 na habbatus sauda kullum, kuma sukarinsu ya ragu fiye da na sauran. Abin lura shi ne dukkansu sun ci gaba da shan maganin asibiti. Ƙari aka yi musu da ita, ba a musanya musu ba.

Hulba. Tana da wani yauƙi da ke jinkirta shigar sukari jini bayan cin abinci, kuma ƙananan gwaje-gwaje da dama sun nuna tana ɗan rage shi. Yawancinsu na mutane kaɗan ne a ɗan lokaci. Ana gargaɗin mai ciki da ta guji shan ta da yawa.

Garahuni. An fi gwada ɗan'uwansa da ake nomawa a Indiya da Sin. A 2012 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen magani ta tace su, ta duba gwaji 4 da aka yi a kan mutum 479, ta ce hujjar ba ta isa a yi hukunci da ita ba.

Girfa. A wannan shekarar dai ƙungiyar ta duba gwaji 10 a kan mutum 577, ta kai ga irin wannan matsaya. Girfar da ta fi yawa a kasuwa kuma tana ɗauke da wani sinadari da ke wahalar da hanta idan aka yawaita.

Zogale. Abinci ne mai gina jiki, kwaɗonsa da miyarsa sun dace da mai ciwon sukari. Amma wani ƙaramin gwaji da aka buga daga ƙasar Tailan a 2017, inda aka ba marasa lafiya giram 8 na garin ganyensa kullum har mako huɗu, bai nuna wani bambanci a sukarinsu ba.

Taƙaitaccen hukunci shi ne waɗansu daga cikin itatuwan nan suna ɗan taimakawa, waɗansu ana kan bincikensu, amma babu ko ɗaya da aka tabbatar yana tumɓuke ciwon, kuma babu wanda ke tsayawa a matsayin insulin.

Inda haɗarin yake

Na farko, zaton cewa ɗaci yana kashe zaƙi. Wannan a harshe ne kawai; jini ba ya ɗanɗano. Ɗacin maɗaci ko dogon yaro ba shaida ba ce ta waraka, kuma yawan shan jiƙo mai ƙarfi yana iya taɓa hanta da ƙoda, alhali ƙodar mai ciwon sukari dā ma a wahale take.

Na biyu, rashin awo. Ƙarfin ganye yana bambanta bisa ga ƙasar da ya tsiro da lokacin da aka tsinke shi da yadda aka dafa shi. Kofi ɗaya na yau ba lalle ne ya yi daidai da kofi ɗaya na gobe ba. Idan aka haɗa shi da ƙwayar asibiti ba da sanin likita ba, sukari yana iya faɗuwa ƙasa da 70, mutum ya kama rawar jiki da gumi da jiri, har ya suma. Wanda ya ji haka ya gaggauta shan abu mai zaƙi.

Na uku, algus. A 2012 likitoci a Hong Kong suka buga rahoton waɗansu magungunan itatuwa na ciwon sukari da aka same su cakuɗe da ƙwayoyin asibiti a ɓoye, har da fenfomin ɗin nan da aka janye. Mai sha yana ganin sukarinsa ya sauka yana yaba itace, bai san abin da aka zuba masa ba.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne muni, shi ne a ajiye insulin. Yaro mai ciwo iri na farko idan aka tsayar masa da allura, cikin 'yan kwanaki jininsa zai gurɓace, ya shiga amai da numfashi sama-sama da dogon suma, kuma sau da yawa ajali ke biyo baya. Uban da ya yi haka da kyakkyawar niyya bai kuɓuta daga tambaya a gaban Allah ba, domin yaron amana ne a hannunsa.

Na biyar, zuma da dabino. Albarkarsu tabbatacciya ce, amma wajen kashi huɗu cikin biyar na zuma sukari ne. Mai wannan ciwo ya ɗauke su a cikin lissafin abincinsa, musamman a lokacin buɗa baki. Game da azumi kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Duniya a zamanta na Sharja a 2009 ta kasa masu ciwon kashi huɗu, ta hukunta cewa waɗanda ke cikin babban haɗari wajibi ne su sha azumi. Likitoci kuma sun ce mai azumin da sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 ya karya nan take. Kada wani ya dogara da jiƙon sahur ya yi watsi da rangwamen da Allah ya yi masa.

Alhakin mai ba da magani

Abu Dawuda da Nasa'i da Ibn Majah sun ruwaito hadisin da ya ɗora lamuni a kan wanda ya shiga aikin likita ba a san shi da iliminsa ba. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, alƙali ne kuma likita, ya bayyana a cikin Bidayatul Mujtahid cewa malamai ba su yi saɓani a kan wannan ba, domin irin wannan mutum mai ƙetare iyaka ne. Hukuncin ya hau kan mai lasifika a tasha, ya kuma hau kan mai tura saƙo a waya yana cewa a tafasa kaza a sha a bar asibiti. Dokar abinci da magunguna ta Nijeriya ma ta hana tallata wa jama'a wani abu da sunan yana warkar da ciwon sukari. Lambar hukumar NAFDAC da ke jikin yawancin magungunan gargajiya kuwa shaida ce ta cewa an duba tsabtarsu da rashin guba, ba ta tabbatar da abin da mai su ke da'awa ba.

Wannan bai zama wulaƙanta masu maganin gargajiya na gaskiya ba, domin a hannunsu akwai ilimin da aka gāda kaka da kakanni. Hanyar da ta dace da su a buɗe take. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta samar da maganin amosanin jini mai suna Niprisan a shekarun 1990 daga haɗin wani mai maganin gargajiya, bayan an tace an gwada. Duk wanda ke da yaƙinin cewa yana da abin da ke taimakon masu ciwon sukari, to, ya kai shi inda za a auna. In gaskiya ne, al'umma ta amfana shi kuma ya sami lada.

Nasiha

Wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon a danginsa, ya je a auna jininsa ko da yana jin lafiya. Wanda ciwon ya tabbata gare shi ya riƙe maganin likita, ya rage tuwo da lemon kwalba da shayi mai sukari, ya yawaita ganye da wake, ya riƙa tafiya da ƙafa, ya duba tafin ƙafarsa kullum. Taƙaita ci dā ma koyarwar Sunna ce. In yana son ƙarawa da habbatus sauda ko hulba, ya sanar da likitansa, ya tsaya a kan awo guda, ya riƙa auna jini yana rubutawa, don abin awo ne zai faɗa masa gaskiya. Masu hali kuma su tuna cewa sayen insulin ga yaron talaka yana cikin mafificiyar sadaka, domin tsada ce ke tura mutane da yawa hannun mayaudara.

Allah ya ba marasa lafiyar Musulmi sauƙi, ya sanya ciwonsu ya zama kankarar zunubi, ya ƙara wa masu bincike basira, ya tsare al'umma daga faɗin abin da ba ta da ilimi a kansa. Allah shi ne Mafi sani.